Wadda Ba Ta Shiga Littafi Ba

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya bi ta lungunan Fagge kafin rana ta fito, ya san masu ƙosai da masu koko sun riga kowa tashi. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne, aikin mai ƙosai tun daren jiya yake farawa, lokacin da ta tsaya a gaban kwarya tana shawarar mudu nawa na wake za ta gyara. Idan ta yi kaɗan, masu saye su zo su tarar da kasko a kife, gobe kuwa wajen wata za su nufa. Idan ta cika hannu, ƙullu ya yi tsami, uwar kuɗi ta karye. Saboda haka sai ta auna da cinikin jiya da na shekaranjiya, ta tuna ko gobe Juma'a ce, ko an yi albashi, ko 'yan makaranta suna hutu, sannan ta yi bisimilla ta zuba ruwa. Haka ɗan kasuwar Kantin Kwari yake yi tun watan Rajab, in yana lissafin dilolin atamfar da zai sauke saboda ƙaramar Salla. Ba mu taɓa jin wanda ya tuhumi ɗayansu da shisshigi cikin ilimin gaibu ba. Cewa muke yi sun san sana'arsu.

To amma fa akwai wani kirdado da ake yi a cikin wannan ƙaramar hukuma tamu, wanda da zarar an ambace shi sai ka ga fuskoki sun canza. A ɗan wani ɗaki na bayan asibiti, inda ake ba da shawara kan tazarar haihuwa, duk bayan wata biyu ma'aikaciyar jinya takan zauna da littafin rajista da takardar neman kaya, ta ƙirga allurai nawa suka fita, katin ƙwaya nawa aka ba da, ashanar hannu nawa aka sa, nawa suka rage a kabad, sannan ta rubuta abin da take zaton matan unguwa za su nema nan gaba. Tambayar da muke son mu tattauna da 'yan'uwa a wannan fitowa ita ce, shin wane hakki wani mahaluki yake da shi na ya zauna ya ƙiyasta abin da zai wakana tsakanin miji da mata a bayan labule? In kuma yana da hakkin, wane nauyi ya hau kansa idan lissafin ya kuskure?

Bari mu fara da yadda abin yake tafiya, domin da yawanmu muna yanke hukunci a kan abin da ba mu leƙa cikinsa ba. Akasarin waɗannan kayayyaki daga ƙasashen waje ake sayo su, galibi ta hannun asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNFPA. Sai an ba kamfani oda, ya ƙera, an ɗoro a jirgin ruwa, an sauke a Legas, an kai babban sito, sannan a rarraba zuwa jihohi, daga nan zuwa asibitoci. Wannan tafiya watanni take ci. Ke nan allurar da za a yi wa wata baiwar Allah a Fagge baɗi, bana ake yanke shawarar sayenta, tun ita kanta mai ita ba ta san za ta nema ba. Kuma kowane kaya da nasa lissafin. Allurar Depo-Provera wata uku take yi, watau mace ɗaya tana buƙatar huɗu a shekara. Noristerat wata biyu ce, shida ke nan. Ashanar Implanon shekara uku, Jadelle shekara biyar, robar mahaifa mai tagulla kuwa takan kai shekara goma. Idan mata ɗari suka bar allura suka koma ashana, lissafin shekaru ya juya gaba ɗaya.

Masu wannan aiki sukan dubi abu uku su gwama: abin da ya fita daga sito a baya, yawan matan da rajistar asibiti ta nuna sun zo, da kuma ƙidayar jama'a haɗe da binciken da ake yi gida-gida. Binciken lafiya na ƙasa na 2018, alal misali, ya nuna cewa kashi 12 cikin 100 na matan aure a Nijeriya ne ke amfani da hanyoyin zamani, a Jihar Kano kuwa ba su kai kashi 6 ba, sannan kashi 19 a ƙasa baki ɗaya suna son su jinkirta haihuwa ko su huta amma ba sa amfani da komai.

Wanda zai ce wannan lissafi kutse ne cikin abin da Allah ya keɓance wa kansa, ba za mu daɗe a kansa ba. Akwai bambanci tsakanin duba da ƙiyasi. Ɗan duba yana da'awar ya san abin da zai sami wane ɗan wane ranar kaza. Mai ƙiyasi kuwa bai san ko mutum ɗaya ba, abin da ya gabata yake aunawa ya yi tanadi, yana kuma sane da cewa zai iya kuskure. Ƙissar Annabi Yusufu, alaihissalam, da tanadin hatsin shekarun yalwa saboda shekarun fari, kowane ɗan makarantar allo ya san ta. Ita kanta tazarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu sun san illar kwanika, shi ya sa ake tafiya wankan jego gidan iyaye a daɗe, ake shayarwa shekara biyu, kuma malaman fiƙihu tun da can sun tattauna mas'alar azalu, malaman Malikiyya suka halatta da sharaɗin yardar matar. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, haka ne, amma ba mu ga wanda ya fasa gina rumbu saboda haka ba.

Tuhumar da ta fi wannan nauyi ita ce ta tarihi, kuma ita ba a yi mata dariya. Bahaushe bai taɓa sakin jiki da mai ƙirga ba. A zamanin En'e, in ka ga malami da littafi a ƙofar gida, to haraji ne ke biye, in a ruga ne jangali, har sai da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a Kano cikin 1979. Ko uwa ma ba ta son a tambaye ta 'ya'yanta nawa. A 1988 gwamnatin soja ta fito da manufar yawan jama'a wadda ta ambaci 'ya'ya huɗu ga kowace mace, mutane suka ji kamar an shigo musu ɗaki ba sallama. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, a Asibitin Zana da ke nan cikin yankinmu, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara 200, goma sha ɗaya daga cikin waɗanda aka sa a gwajin suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka zo 2003 aka ce ɗigon shan inna yana hana haihuwa, jama'a ba su sha wahalar yarda ba, Kano ta dakatar da rigakafin har tsakiyar 2004, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka shanye. Zargin bai tabbata ba, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A wajen ƙasar nan ma an ga abin da ya fi haka muni. A Indiya, lokacin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977, an yanka wa ma'aikata adadin mutanen da za su kawo, aka yi wa miliyoyin maza aikin hana haihuwa, da yawa bisa tilas. A Peru, ƙarƙashin Alberto Fujimori, a ƙarshen shekarun 1990 an ɗaure mahaifar mata sama da 200,000, mafi yawansu talakawan karkara, da dama ba tare da cikakkiyar yardarsu ba. Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan da lamba suka fara a kan takarda. Lambar da ke cewa mata dubu za su iya nema, da lambar da ke cewa sai an samo mata dubu, a ido iri ɗaya ne, amma ta farko bawan jama'a ce, ta biyu kuwa ubangidansu. Taron Alƙahira na 1994 ya yi watsi da irin wannan yanka adadi, ya ce zaɓin ma'aurata shi ne gaba. Duk da haka, a taron Landan na 2012 Nijeriya ta yi alkawarin kai masu amfani kashi 36 kafin 2018, daga baya aka sassauto zuwa kashi 27 kafin 2020, ba a kuwa kai ko ɗaya ba. Mu a namu ganin, duk ranar da aka fara auna ƙoƙarin ma'aikaciya da yawan hannayen da ta sa wa ashana, to ƙiyasi ya tashi daga ƙiyasi. Masu tsoro suna da hujja a nan, kuma ya kamata su ci gaba da sa ido.

Sai dai kuma tsoron ya rufe mana ido daga wani zalunci da ya fi kusa da mu, wanda ba ya tayar da ƙura. Muna da wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti a wannan yanki, ita ta fara nusar da mu. Ta ce wata rana wata mata ta shigo da goyo, ta zauna a bakin benci, ta miƙo ɗan katinta da ta ciro daga cikin lalita.

"Sista, allurata ce ta cika yau."

"Wayyo baiwar Allah, wallahi ta ƙare tun wancan makon. Sai dai in ba ki ƙwaya kafin a kawo."

Matar ta yi shiru, ta gyara goyonta, sannan ta ce, "Ƙwaya ba ta ɓoyuwa, Sista. Ɗakinmu ɗaya da yara, uwar mijina kuma kullum tana ciki." Ta karɓi katinta ta fita.

'Yar'uwar tamu ta ce abin da ya tsaya mata a rai shi ne, da matar ta fita ta duba rajista ta ga babu inda za ta rubuta ta. Littafin yana da gurbin wadda aka yi wa allura, da wadda aka ba ƙwaya, amma ba shi da gurbin wadda ta zo ta koma hannu rabbana. A wurin littafi, wannan mata ba ta taɓa zuwa ba.

Yanzu mai karatu ya biyo mu da lissafi. Mu ɗauka, don misali kawai, asibiti yana yin allura 90 a wata. Wata na farko 90, na biyu 90, na uku kaya suka ƙare bayan kwana goma, aka yi 30. In aka haɗa aka raba uku, sai takarda ta ce buƙatar wannan asibiti 70 ce a wata. A kan 70 za a aiko da kaya, su sake ƙarewa da wuri, lambar ta sake sauka. Bayan shekara guda wani jami'i a ofis mai sanyi zai dubi jadawali ya kaɗa kai ya ce ai matan Kano ba sa so. Rashi ya haifi lamba, lamba ta koma ta haifi rashi. Gaskiya ne littattafan koyar da aikin sun ce a gyara lissafi gwargwadon kwanakin da kabad ya zauna wayam, amma wannan sai in an rubuta kwanakin, sai kuma in ma'aikaciyar da ke awo da karɓar haihuwa da rigakafi ita kaɗai ta sami sararin yi. Mai ƙosai ta fi mu sa'a, domin ita tana ganin fuskar wanda ya zo ya tarar da kasko a kife, da dare kuma ta ƙara mudu.

To ina wannan mata take zuwa? Wata ta haƙura ta koma gida. Wata kuwa ta tsallaka Sabon Gari. Tun kafuwar Sabon Gari wajen 1913 unguwa ce ta baƙi, kuma amfanin baƙo shi ne bai san dangin mijinka ba. Matar da ke jin nauyin shiga asibitin unguwarsu, inda mai share tsakar gida maƙwabciyarsu ce, takan sa hijabi ta je kemis ɗin da ba a san ta ba, ta biya da kuɗin adashinta. Shekara da shekaru kasuwar magani ta Sabon Gari da ta Malam Kato su ne rumbun da ƙananan kemis na Kano da maƙwabta ke sari, da mai kyau da jabu duk a haɗe, har watan Fabrairu na 2024 da NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna suka rufe shaguna sama da 1,300, aka umarci 'yan kasuwar su koma sabuwar cibiyar Dangwauro a hanyar Zariya. Abin da aka sayar a irin waɗannan kantuna ba ya shiga rajistar gwamnati. Ƙidayar da ake dogaro da ita kuma ta 2006 ce, wadda ta ba Fagge mutane kimanin 200,000, alhali yaron da aka haifa a shekarar yanzu ya isa aure. Fagge kuwa tun zamanin ayarin Buzaye masauki ce, yawanta da rana daban, da dare daban.

Mun san wani zai ce, ai matar da ke ɓoye wa mijinta ba ta cancanci a yi mata tanadi ba. Mu ma abin da muka fi so shi ne miji da mata su zauna su yi shawara, shi ne koyarwar addini, shi ne kuma zaman lafiya. Amma kafin mu ɗora mata laifi, mu tambayi kanmu mu maza, mu nawa ne muka taɓa buɗe wannan zance da iyalinmu ba tare da tsawa ba? Mu nawa ne muka taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin haihuwa muka ji abin da likita ke faɗi game da jininta? Binciken 2018 ɗin nan ya ƙiyasta mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a ƙasar nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai jiki kuma ta fi kowa sanin inda ya gaji.

Duk da haka ba mu yarda a ba masu bincike wuƙa da nama ba. Wannan kashi 19 da suke kira buƙatar da ba a biya ba, su suka raɗa masa suna. An tambayi mace ko tana son ciki nan da shekara biyu ta ce a'a, an tambaye ta ko tana amfani da wani abu ta ce a'a, sai aka jefa ta cikin masu buƙata. Alhali wata tsoron zubar jini take yi, wata mijinta yana ci-rani, wata kuma ta auna ta ga ba ta so, kuma wannan hakkinta ne. Wanda ya yi oda a kan wannan lamba kai tsaye zai cika sito da kayan da za su lalace. Ga shi nan dai, in ka bi rajista ka rage, in ka bi bincike ka zarce.

Tunda kuskure ba makawa, wanne ya fi sauƙi a wurin Allah da wurin mutane? Rarar kaya asarar kuɗi ce, kuma dukiyar jama'a amana ce, ba ma raina wannan. Amma ƙarancin kaya a jikin mutum ake biyansa, kuma mai biyan ba ita ta yi lissafin ba. Saboda haka mu mun karkata ga a bar 'yar rara, da sharaɗi guda mai tsanani, watau kada rarar ta zama dalilin tura wa mace abin da ba shi ta zo nema ba don kawai kwanan watansa ya kusa. Akwai ma wata hanya da muke ganin za a iya gane lissafin gaskiya da ita. A duba a gani, shin an yi tanadin safar hannu da reza da allurar kashe zafi saboda matar da za ta dawo ta ce a cire mata ashana, tana son haihuwa? Lissafin da ya tanadi sawa bai tanadi cirewa ba, ya riga ya faɗi abin da ke ransa. Balle kuma matar da ta shekara goma tana neman ɗa ko ɗaya, tana yawo tsakanin masu magani, ita ba mu ji ana taron ƙiyasta buƙatarta ba.

Saura batun mai biya, wanda shi ne ya fi ba mu kunya. A 2011 Gwamnatin Tarayya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocinta da na jihohi. Magana mai daɗi, sai dai kaso mai yawa na kuɗin daga masu ba da agaji yake fitowa. Da aka shiga 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje, ta rushe hukumar USAID, ta yanke abin da take ba UNFPA, har aka yi ta takaddama a kan shirin ƙona kayan tazarar haihuwa na kusan dala miliyan 10 da ke jibge a wani sito a Beljiyam. A shekarar ce kuma rahotanni suka nuna kasafin kuɗinmu na tarayya ya zaftare kason wannan fanni da fiye da kashi 90 cikin 100. Zanen aro ba ya rufe katara. Abin mamaki, mu da muka daɗe muna zargin baƙi da son rage mu, da suka janye hannu ba mu ce madalla ga namu kuɗin ba, sai muka yi tsit. Alhali duk hukumar da ta yi wa mace allurar farko ta rubuta mata ranar dawowa a kati, ta ɗauki alkawari, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

'Yar'uwar nan tamu, da abin ya ishe ta, sai ta sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan firamare da kuɗinta, ta ajiye a aljihun tebur. Duk wadda ta zo ta rasa, sai ta ja sanda ɗaya, ta rubuta kwanan wata da abin da aka nema, ba suna ba unguwa. Takardar da take aikawa sama ba ta da gurbin waɗannan sanduna, don haka takan rubuta jimlarsu a gefe da jan biro, ko Allah zai sa wani ya gani. Da muka ziyarce ta kwanan baya ta nuna mana, sai muka tuna da mai goyon nan, muka tambaya ko ta dawo da kaya suka iso. Ta ce ba ta dawo ɗakin ba, amma bayan wata biyar ta hango ta a bencin masu awon ciki, yaron bayanta ko tsayuwa bai fara ba. A can, in ji ta, an rubuta sunanta.